Hoton cikin adakar Hajiya da benen da na sha wuya kafin na gano shi

Abin ya faro ne daga yoyon ɗaki. Daminar bara ruwa ya samu kafa a kwanon ɗakin Hajiya kakarmu a nan Agege, ya zuba daidai kan kayanta, aka ce mu jikoki mu fito da komai waje a shanya. Ni rabona ya faɗa kan adakar ƙarfen nan tata mai zanen furanni wadda tun muna yara ko kusa da ita ka je sai ka sha rankwashi. Ina ta ciro tsofaffin atamfofi masu warin kafur, can ƙasa sai ga wani hoto baƙi da fari a cikin leda, 'yanmata sun jeru layi uku a gaban wani bene mai dogon baranda, kowacce kai ba ɗankwali an yi kitso tsaf, a baya an rubuta 1961 da tawada. Na duba na sake dubawa sai na hango wata 'yar siririya a layin baya da goshin gidanmu sak.

Nace Hajiya wannan ba ke bace? Tace "ke kishiya ajiye min hotona, da kin ɗauka da tsufana aka haife ni?"

Kunya ta kama ni wallahi. Na tashi na ga Hajiya na karanta takardar magani da kanta, na ga matan unguwa na kawo mata wasiƙar banki da ta makarantar yara tana fassara musu, amma ban taɓa tambayar inda ta samo turancin ba, kawai na ɗauka zaman Ikko ne. Ashe bodin ta yi, makarantar kwana ta 'yanmata ta 'yan mishan, shekara huɗu cur kafin a cire ta a yi mata aure. Babanta ma'aikacin reluwe ne a Ebute Metta, ɗan Zariya, yana cikin mutanenmu da layin dogo ya kwaso, don tun da jirgi ya haɗa Legas da Kano a 1912 'yan Arewa ke gangarowa, wasu goro ya zaunar da su a Agege wasu shanu wasu aikin gwamnati. Tace ranar da ya kai ta da akwatinta sai da abokan masallacinsa suka yi masa taron dangi, wai ya miƙa 'yarsa ga coci da hannunsa. Shi kuwa amsarsa ɗaya, yace Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta yi karatu ba? Ba ita ta riƙa naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata ba? Aka ce ai wannan karatun addini ne, yace to ita ma tawa ta sauke izu ashirin kafin ta tafi, sauran kuma ta ƙarasa da hutu.

Daga nan ne na ƙudurta sai na ga benen nan da idona. Sunan makarantar dai zan sakaya, don akwai abubuwan da na gani a ciki da ba zan so a ce na tona musu asiri ba bayan sun karrama ni.

Duk wanda na nuna wa hoton sai yace ai Queen's College ce, har da wata gwaggona da ta rantse. Ba ita bace, Hajiya ta faɗa min sunan tata, amma musun nan ya sa na zauna na karanta tarihin makarantun mata na Legas, kuma a nan ne gabana ya fara faɗuwa. Ita Queen's ɗin an buɗe ta ranar 10 ga Oktoba 1927 da ɗalibai 20 kacal, shekara 18 bayan an buɗe wa maza King's College a 1909, kuma ba haka kawai gwamnatin Turawa ta ga dama ba, matan Legas masu ilimi ne suka tasa ta a gaba da koke da tara kuɗi, irin su Oyinkan Abayomi wadda ta zo ta koyar a can ma. Kofoworola Ademola da ta gama jami'ar Oxford a 1935 ita ma ta koyar a can. To amma ginin da ke Yaba yanzu ba shi ne na farko ba, makarantar a cikin tsibirin Legas take, wajen Onikan, sai 1958 ta ƙauro. Ta 'yan CMS kuwa, wato 'yan mishan na cocin Anglican, da aka kafa tun 1869, wadda ta girme su duka, a 1950 aka tattara ta gaba ɗaya aka kai Ibadan aka haɗe ta da wata ta Kudeti ta koma St. Anne's. Ta 'yan Methodist ta 1879 ita ma a tsibiri ta fara kafin ta ƙetaro Yaba. Hatta ta maza CMS Grammar School ta 1859 sai da ta koma Bariga. Makarantun Legas yawo suke kamar Fulanin tashi, sunan ya tafi da bajo da taken makaranta, ginin a bar shi a baya, in an yi sa'a ya zama ofis, in ba a yi ba ya zama banki ko wurin ajiye motoci.

Dalilin ƙaurar ma ba ɓoyayye bane, tsibirin ya cushe. Bayan annobar cutar ɓera da ta ɓarke a 1924 aka kafa hukumar tsara birni a 1928, aka shiga yanka filaye a Yaba, shi ya sa in ka bi ta wajen Sabo da titin Herbert Macaulay sai ka ga makarantu kamar an shuka su.

Ban tsaya neman shawara ba, wata Talata na hau jirgin ƙasan nan na cikin gari da ake kira Red Line daga Agege, na sauka na ƙarasa da keke, hoto a jaka ina jin kaina wata babbar 'yar jarida. Ina isa get sai naga maigadin namu ne, dattijo da rawani da 'yar rediyonsa, a raina nace shikenan faɗuwa ta zo daidai da zama. Na durƙusa nace Baba sannu da aiki, muka gaisa har da tambayar mutanen gida, na ciro hoto na zayyana masa komai. Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, yace Allah sarki, sannan ya miƙo min yace "'yata, ko 'yar Sarkin Musulmi ce ke sai da takarda." Na yi magiya na yi magiya, ko gezau. A lokacin haushi ya cika ni, ga kuɗin mota ga rana, amma da na huce sai naga gaskiyarsa. 'Ya'yan mutane ne a ciki, kuma tun abin da ya faru a Chibok a 2014 wa zai bar baƙuwar fuska ta shiga makarantar mata tana ɗaukar hoton tagogi da ƙofofi? Da ƙanwata ce a ciki irin wannan maigadin zan so.

Takardar da na rubuta wa firinsifal sati uku ba amsa. Abin da ya buɗe min ƙofa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce, ta hannun wata abokiyar aikina Bayarabiya da innarta ta yi makarantar. Duk mai son yin irin wannan aikin ya fara ta nan ya huta, don waɗannan tsofaffin matan su ke gyara rufi su ke sayen janareta, in suka ce a buɗe ana buɗewa. Aka haɗa ni da wata Mama, nas ce mai ritaya da ta yi shekaru tana aiki a Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, tana ganina tace "ke ce jikar 'yar Hausan nan mai kilishi?" Ashe Hajiya siniyarta ce da aji biyu, kuma abin da ta riƙe game da ita kenan, duk ranar ziyara babanta na kawo kilishi da ƙuliƙuli da dambun nama, ɗakin gaba ɗaya ya yi ta yi mata biyayya har su ƙare.

To ga inda na yi wautar da har yau ake min dariya a gida. Ranar da muka shiga, Mama ta wuce ofis gaisuwa, ni kuma na hango wani gini mai kyau a gaba, an shafe shi da fenti, ga baranda ga ginshiƙai ga shekarar kafa makaranta an rubuta ɓaro-ɓaro a goshinsa. Ban ko ciro hoton na gwada ba, na hau ɗauka ta gaba ta gefe, na yi wajen hoto arba'in, na koma Agege ina ɗoki. Hajiya ta sa tabarau ta kalli wayar ta ture ta, tace "wannan ai ofis ne da azuzuwa, nan ake kai mu a zane mu, wa ya ce miki a nan muke kwana? Mu can baya muke kusa da kicin, hayaƙin itace har kan gadonmu." Ƙanina ya faɗi ƙasa yana dariya wai na je Makka na yi ɗawafi a otal.

Shi ne fa na yi abin da ya kamata in fara da shi tun farko, na kunna rikoda a waya na zauna gabanta dare uku. Kuma na gano tambayar "wace shekara" ba ta aiki a wajen tsofaffi, sai su ce oho, da daɗewa dai. Amma ka ce kafin a kashe Sardauna ne ko bayan, nan take za ta ce kafin, ka san kenan ba a kai Janairun 1966 ba. Ka ce da fam da sule aka biya ko da naira, ka san 1973 ce iyaka. Motoci na bin hagu ko sun koma dama, 1972 kenan. Ita Hajiya ma'auninta bikin 'yancin kai, tace tana aji ɗaya aka jera su da 'yan tutoci kore da fari aka kai su wajen filin sukuwa, wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Balewa, lokacin da Gimbiya Alexandra ta zo a madadin Sarauniya, Oktoban 1960, ta tsaya a rana har wata a gefenta ta yanke jiki ta faɗi. Sannan kar ka tambayi tarihi, tambayi bokiti. Ina kuke ɗiban ruwa, ta ina rana ke shigowa da safe, matakala nawa ce, wa ke kaɗa ƙararrawa. Da irin wannan ta zana min ginin kaf da baki: matakala ta katako mai kwana ɗaya, gadaje layi biyu da hanya a tsakiya, ɗakin metiron a bakin matakala yadda ko ɓera ya sauka sai ta ji, tankin ruwa a bayan gini, da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda ake tara akwatuna.

Zuwa na uku Mama da kanta ta ja ni baya. Wallahi da ni kaɗai ce da na wuce shi sau goma. An toshe rabin barandar ƙasa da bulo an mai da ita azuzuwa, an cire tagogin katako an sa na alminiyon, an manna masa wani sabon gini a haƙarƙari, gaba ɗaya ya koma kamar tsohuwar da aka yi wa kwalliyar 'yanmata. Sai da na ja baya na ɗaga hoton na ƙirga ginshiƙan sama, bakwai a hoto bakwai a gabana, tsigar jikina ta tashi.

Saman a kulle yake, sito ne yanzu, sai da aka nemo mai makulli. Muka hau matakalar, tsakiyar kowane taki ya lotsa ya yi santsi kamar bakin turmi, ƙafafun yara ne suka cinye katakon shekara da shekaru. Ciki kuwa karyayyun bencina har kusa da silin, ga kashin jemage ga ƙura, amma iska! Ana zafin nan na Maris da ko fanka ba ta magani, ɗakin nan sanyi ƙalau, ba lantarki ba komai. Rufin ya yi tsawo sosai, tagogi na kallon juna ta ɓangare biyu, baranda ta tare rana kafin ta taɓa bango, sannan can sama an bar ƙananan ramuka don zafi ya fita. Wani ɗan'uwanmu da ya karanci zanen gine-gine yace haka ake gina makarantu a lokacin, a juya doguwar fuskar gini yadda iskar teku za ta ratsa ta wuce, yace in na je jami'ar Ibadan in kalli ɗakunan kwanan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, dabara ɗaya ce. Mu yanzu sai mu gina akwati mu liƙe shi da gilas mu zauna muna zagin NEPA.

Abin da ya fi taɓa ni ƙananan ƙugiyoyi ne. A jikin katakon silin an jera wasu 'yan ƙarafa masu lanƙwasa, huɗu huɗu, sun yi tsatsa, mai makullin yace shi bai san amfaninsu ba shekara goma yana ganinsu. Mama tace gidan sauro ake ratayawa. Kowane huɗu gado ɗaya kenan, yarinya ɗaya. Na bi ina ƙirgawa da fitilar waya har inda bencina suka tare ni, sai ɗakin ya cika min ido da mutane, ga wadda ke kukan gida ga wadda ke jiƙa garin kwaki a ɓoye bayan an kashe fitila.

Mama ce ta ba ni labarin yadda ɗakin ya daina zama ɗakin kwana. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sannan da Lateef Jakande ya hau gwamna a 1979 da tsarin ilimi kyauta, yara suka yi yawa fiye da azuzuwa, shi kuma ya ƙi tsarin nan na wasu su zo da safe wasu da rana, to duk inda aka samu rufi sai a sa allo. Tace a lokacin ne aka kwashe gadajen. Ita tana faɗa da takaici, ni kuma ban iya taya ta ba gaskiya, don uwata da ƙannenta a irin waɗannan azuzuwan na Jakande suka yi karatu, da ba don su ba 'yar mai goro a Agege ina za ta ga sakandare? Ɗakin da ya kwantar da 'yan gata kaɗan ya koma ya zaunar da 'ya'yan talakawa da yawa, ban ga abin kuka a nan ba. Da aka mayar wa 'yan mishan makarantunsu a 2001 zamanin Tinubu yana gwamna, sai suka gina sabon hostal, wannan ya zama wurin jibge tarkace.

Shekarar ginin ma sai da na yi dabara. Akwai dutsen aza harsashi a gindin bango amma an shafe shi da fenti ya fi sau biyar, da rana ba ka ganin komai. Na jira har la'asar sakaliya, na kwantar da fitilar waya a gefensa yadda hasken zai bi ta kwance, sai ga inuwar haruffa ta fito, na ɗora farar takarda na goga fensir a hankali. Shekarar da ta fito ta yi nesa sosai da wadda ke rubuce a get. Ta get shekarar makaranta ce, ta dutse shekarar gini, kuma na lura har malaman wurin haɗa su suke, in ka tambaya sai su ce maka ginin ya kai shekarun makarantar.

Takardu kam kar a tona. Na roƙi a nuna min tsohuwar rajistar shiga don in ga sunan Hajiya da hannun wanda ya rubuta, aka buɗe wata kwaba, gara ta gama da rabin littattafan, na shekarunta yana ɗagawa yana zubewa kamar garin tuwo. Na kusa kuka. An ce min in gwada gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke cikin jami'ar Ibadan, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, can ake ajiye rahotannin sashen ilimi na zamanin Turawa, kuma wai in tafi da duk tsofaffin sunayen makarantar don da sunan da take amsawa a lokacin ake jera fayil. Na sa ranar zuwa, jirgin Ibadan ma a Agege yake tsayawa.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan sito? To ku tuna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin 1855 irin na 'yan Aguda da suka dawo daga Barazil, tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah muna ta hidimar raguna, aka sa katafila aka baje shi. Wanda ke da takardar kariya kenan, ina ga benen da ba wanda ya san da shi sai jemagu. Na ji ana maganar ana son filin ma don a yi sabon ɗakin taro. Shi ya sa na auna shi da taku, na ɗauki kowane lungu, na tura wa su Mama kwafi na ajiye wani a imel.

Ƙarshe na sauko ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala. Tsintsiyoyi da bokitan fenti ne a ciki yanzu, ko miƙewa sosai ba ka iya yi. Nan Hajiya ke sallah. Tace su uku ne Musulmi a ɗakinsu, ita da wasu Yarabawa biyu, dole su shiga coci da safe tare da kowa amma metiron ta ba su wannan lungun ta ce kar wanda ya taɓa su, da azumi kuma ita ke tashinsu sahur da kanta ta ajiye musu burodi da shayi a fulas. Na kira ƙanina a bidiyo nace ya kai wa Hajiya wayar. Ta yi shiru tana kallo, tace matsa da tsintsiyar nan, na matsar. Tace juya dama, ƙara kaɗan, "yauwa, nan ne gabas, akwai ƙusa a bango inda nake rataye carbi." Na haska, fenti ne kawai, na shafa da hannu sai na ji ɗan tudu a ƙarƙashinsa.

Nace Hajiya ga ta nan. Tace "to ai na faɗa miki. Ki gaishe min da wannan mai kwaɗayin kilishin, ki ce ina binta bashin bokitina. Kuma ki dawo min da hotona kafin magariba."